'Yata ta ga AS a takardar gwajinta, yaya kuka yi wa naku bayani?

Maman 'yan uku:
Assalamu alaikum. Jiya 'yata mai shekara 15 ta karɓo sakamakon jinotaif, wato gwajin ƙwayar gadon jini, an rubuta AS. Ta zauna a bakin gado tana ta juya takardar, can ta ce, "Mama, ke nan ina da sikila?" Na ce a'a. Ta ce to me ya kawo S ɗin? Nan bakina ya mutu. Don Allah waɗanda abin ya taɓa samu ku taimaka.

Malamar bayoloji:
Wa alaikumus salam, Yaya. Da murafen kwalba nake koya wa 'yan ajina. Ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin jan jini guda biyu ce a jikin kowa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Jan murfi shi ne A, lafiyayyar ƙwaya, fari kuma S, ta sikila. Nakan kawo leda biyu, kowace da ja ɗaya da fari ɗaya, wato uwa da uba masu AS. Yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya daga kowace leda, a rubuta, a mayar.

Wata rana fari biyu ya fito sau uku a jere, ajin ya yi tsit. A nan suka gane cewa "ɗaya cikin huɗu" da ake faɗa in AS ya auri AS ba ya nufin in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zo da SS, wato mai sikila. Kowane ciki da nasa rabon. Ki ce mata abin da ke baɗini daban, wanda ke zahiri daban: tana ɗauke da S, amma A ɗinta yana aikinsa, ba ta da ciwon.

Wani uba daga Damagaram:
Mu namu zabiya ne. Ni da matata baƙaƙe ne wuluk, 'yarmu ta uku ta zo fara sol, aka yi ta ƙananan maganganu a unguwa. Wanta ya dawo daga makaranta yana kuka, wai an ce ba ƙanwarsa ba ce. Likita ne ya zaunar da mu har da yaron, ya ce dukanmu biyu muna ɗauke da ƙwayar a ɓoye, sai ta haɗu daga ɓangare biyu take bayyana. Yanzu shi ke riƙe mata hula in za su fita rana.

Ɗalibi a Zariya:
Hajiya, ki bambance mata rukunin jini da jinotaif. Har na kai 18 in an tambaye ni sai in ce O, alhali wannan na ƙarin jini ne.

Mahaifiyar mai sikila:
Ɗana SS ne, mun sha kwana a asibiti yana riƙe ƙafa yana kuka. Lokacin aurenmu ba wanda ya ce mu yi gwaji. A 2024 Kano ta yi dokar gwaji kafin aure, na ji daɗi, amma a ganina jira har a sa rana ya yi latti. Gara ta sani yanzu, tun zuciyarta ba ta kama kowa ba.

Maman 'yan uku:
Allah ya saka muku da alheri, ya ba ɗanki lafiya, Yaya. Na tara murafe huɗu, bayan isha'i zan zauna da ita. Ƙannenta kuma ranar Litinin zan kai su gwaji.