Manhajoji biyu sun ƙi jituwa a kan bayanai ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta manhaja. Mako biyu ke nan abu ɗaya ya hana ni barci.

Na rubuta wa kawuna manhajoji biyu da harshen Python don shagonsa na kayan mota a Suame, nan Kumasi, duka a kwamfuta ɗaya mai Windows. Ɗaya tana rubuta ciniki, ɗayar tana lissafin kayan da suka rage. Dole kowacce ta ga abin da 'yar uwarta ta rubuta nan take.

Da farko na haɗa su a SQLite guda, wato ma'ajiyar bayanai da ke cikin fayil ɗaya. In suka yi rubutu lokaci ɗaya, sai ɗaya ta tsaya da "database is locked", wato ma'ajiyar a kulle take, ga mai saye tsaye yana jira. Na koma shared_memory, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta (RAM) da manhajojin biyu ke amfani da ita tare, ya yi sauri sosai, amma bayanan ba sa sauka a faifai. Ranar da aka ɗauke wuta, cinikin yini guda ya ɓace. Wallahi har yau ina jin nauyin kawu.

Shin in koma SQLite in kunna WAL (tsarin da ke fara rubuta canji a wani fayil daban) in ƙara lokacin jira, ko in bar manhaja ɗaya kaɗai ta riƙa rubutu, ɗayar ta aika mata saƙo ta soket (hanyar da manhajoji ke aika wa juna saƙo) a 127.0.0.1, wato adireshin kwamfutar kanta? Don Allah wanda ya taɓa haɗa irin wannan ya nuna mini hanya.