Wane littafi ya dace da wane yaro? Musayar gogewa kan laburaren makaranta

Mai kula da laburare, Azare:
Assalamu alaikum. Makarantarmu ta haɗa firamare da ƙaramar sakandare, kuma an ware kuɗin da bai wuce na littafi 150 ba, na karatun nishaɗi, ban da na manhaja. Malamai da kuka daɗe a harkar, me za a saya, kuma ta yaya ake rabawa?

Malamin Hausa, Misau:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a kai ga sunan littafi, a fara auna yaran, don aji ba ma'auni ba ne. A aji 5 guda za ki samu mai karanta jarida, ki samu wanda har yanzu yake haɗa baƙi da wasali. Ki ɗebo yara 6 daga kowane aji: 2 na gaba, 2 na tsakiya, 2 na baya. Ki ba yaro shafi ɗaya ya karanta a bayyane, duk kalmar da ya yi tuntuɓe da ita ki lanƙwasa yatsa. In hannu ya dunƙule kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa. Yatsa 2 ko 3, shi ne daidai da shi. Sannan ki rufe littafin ki tambaye shi wa ya yi me, saboda akwai masu zuba karatu kamar hadda ba su san abin da suka faɗa ba.

Daga nan ki kasa littattafan mataki uku, ki manna salatif mai launi a bayan kowanne: kore ga mafi sauƙi, rawaya ga matsakaici, ja ga mafi tsauri. Kada ki rubuta "aji 3" a jikin littafi. Ɗan JSS 1 da karatunsa bai nuna ba, kunya ba za ta bar shi ya ɗauka ba, amma kore zai ɗauka ba tare da kowa ya kula ba.

Shugabar makaranta mai ritaya, Bauchi:
Malam ya yi daidai, kuma kusan rabin kuɗin a kan kore ya kamata ya tafi, nan ne yunwar take. Littattafan Mu Karanta da aka raba wa aji 1 zuwa 3 a jiharmu suna koya wa yaro haɗa harafi, amma in ya iya, sai ya rasa abin da zai karanta. A nemi masu shafi 12 zuwa 24, manyan haruffa, hoto a kowane shafi, layi 2 zuwa 4 a ƙasansa. A kasuwa irinsu da Hausa sun yi ƙaranci. African Storybook na da labarai kyauta a intanet, ana bugawa a takardar A4 a ninka biyu a ɗinke. A lura akwai na Hausar Nijeriya da na Hausar Nijar, kuma a karanta kowanne tukuna, don wasu fassara ce da ba ta faɗa daɗi ba. Na rawaya kuma, Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, in an same shi. Yaro ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi daga gida, rabin aikin ya ƙare.

Malamin aji 4, Ningi:
Hajiya, ni da Magana Jari Ce zan fara tun aji 4. Labaran gajeru ne, kowanne na tsaye da ƙafarsa.

Malamin Hausa, Misau:
A aji 4 malami ne zai karanta musu shi, ba su ba. Abubakar Imam ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1930, jimlolinsa dogaye ne, ga kalmomin fada da na yaƙi da yaran yanzu ba sa ji a gida. Ka karanta musu labari ɗaya a mako, minti 15, ka tsaya inda ya ɗauko daɗi. In sun kai aji 6 ko JSS 1 da kansu za su nemo shi. Kuma juzu'i 3 ne, a sayi na ɗaya da yawa, don shi ne ke fara yagewa.

Ga JSS, Ruwan Bagaja shi ne mai jan wanda ba ya son karatu, saboda barkwancin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma ba shi da kauri. Iliya Ɗan Maiƙarfi na masu son jarumta ne, Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo kuma na masu tambaya kan sararin samaniya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa dole ya shiga laburaren ƙasar Bauchi, amma a sa shi a ja. Labarin bauta ne da uwa mai neman ɗanta har ƙetaren Sahara, yana son malami ya ɗan shimfiɗa tarihin kafin a ba yaro. Waƙoƙin Sa'adu Zungur ma haka, kwafi 2 sun isa, akwai Larabci da siyasar zamaninsa a ciki.

Malamar Turanci, Kaltungo:
A nan kudancin Gombe akwai ƙari. Yaro da yawa harshen gidansa Tangale ne ko Waja ko Tula, Hausarsa ta kasuwa da filin wasa ce. Yana magana tiryan-tiryan amma karin magana na kayar da shi, don haka a sauke shi mataki ɗaya a Hausa. Haka ma yaran Fulani a wajen Dukku. Kuma ajinmu Musulmi da Kirista ne, duk littafin da ke yi wa wani addini ko ƙabila shaguɓe a ajiye shi.

Na Turanci, Chike and the River na Chinua Achebe ya dace da aji 6 zuwa JSS 1. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi a Arewa aka gina shi, yara na gane wuraren, sai dai labarin ramuwar gayya ne, na JSS 2 zuwa sama. Katan-katan na kyauta daga ƙasashen waje kuwa a tace su: littafi kan dusar ƙanƙara da Turanci mai tsauri kanta kawai yake cikawa.

Malamar makarantar kwana ta 'yan mata, Bajoga:
Ba wanda ya taɓo littattafan soyayya na kasuwar Kano, alhali su 'yan matan ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Hana su gaba ɗaya ba ya aiki, yanzu ma a waya suke samun waɗanda suka fi muni. Gara mutum 3 su karanta littafi daga bango zuwa bango, malamai 2 da uwa ɗaya daga cikin iyayen yara, abin da suka yarda da shi ya shiga kanta. Duba bango da shafin farko bai isa ba, abin da ake gudu a tsakiya yake ɓuya. Kuma yawancinsu kashi-kashi ne, na 1, na 2, na 3. In ba a samu cikakke ba a haƙura. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya dace da manyansu. Dare Dubu da Ɗaya kuma, duk da sunansa, ba na yara ba ne.

Mai ɗaurin littattafai, tsohuwar kasuwar Gombe:
Malamai, ku bar ni in sa baki ta ɓangarena. Da littafi 150, littafi daban-daban 40 zuwa 50, kowanne kwafi 3 ko 4, ya fi littafi 5 kowanne kwafi 30. Wajen saye ku kula da bugun sata: tawada ta koɗe, shafuka sun tsallake ko sun maimaitu, wani lokaci guda 16 a jere. A ƙirga lambobin shafi a gaban mai shago. A duba ƙ, ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, in ba haka ba mai koyo zai rikita "ƙafa" da "kafa". Littafin da gam kaɗai ya riƙe, zafin bazara na busar da gam ɗin ya fara zubar da shafi. A huda shi wuri 3 a ɗinke da zare mai ƙarfi tun yana sabo, a sa masa rigar leda mai kauri. Kanta a ɗaga ta taƙi ɗaya daga ƙasa, a janye ta daga bango saboda gara da damshin damina. A ware kuɗin zare, leda da hatimi tun farko, kashi ɗaya cikin goma.

Shugabar makaranta mai ritaya, Bauchi:
Malama, kada ki kashe kuɗin duka a tashi ɗaya. Ki sayi kashi biyu cikin uku, ki buɗe rajistar aro mai suna, aji, launi da ranar dawowa, aro na mako ɗaya. Ƙarshen zango ki ƙirga: wanda aka ara sau 10 a ƙaro kwafinsa da ragowar kuɗin, wanda ba a taɓa ba a karanta wa aji shafinsa na farko a gani ko zai motsa. Kuma ki shaida wa hedimasta tun yanzu cewa wasu za su ɓace, wasu za su yage, don kada tsoron haka ya sa a kulle su a ofis.

Mai kula da laburare, Azare:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan fara gwajin yatsu da aji 4. Malam na Gombe, ledar nan ta rigar littafi, da yadi ake sayenta ko da naɗi?