Dutsen duba ko dutsen gani? Neman kalmar Hausa ga dutsen mabiya Mormon

Jama'a, ina neman ra'ayinku kan wata kalma da ta tsaya mini a rai. Mabiya addinin Mormon na farko a Amurka suna da abin da suke kira "seer stone", wato ɗan dutsen da Joseph Smith, wanda ya kafa addinin, yake sakawa cikin hularsa, ya kifa fuskarsa a kai, ya ce yana ganin abin da ke ɓoye.

Wasu 'yan'uwa sun kawo "dutsen duba", kuma hujjarsu ba ta da rauni, tun da a 1826 an gurfanar da Smith gaban alƙali a Bainbridge, cikin jihar New York, kan neman dukiyar da aka binne ta hanyar leƙa dutsen. Sai dai a wurinmu duba sana'a ce da ake koyo a gaban malami, kamar bugun ƙasa, wanda ya iya kuwa ya iya. Su kuwa mabiya Mormon a imaninsu dutse ba ya nuna komai sai da yardar Allah, kuma yardar tana iya gushewa. Lokacin da Martin Harris, marubucin Smith, ya ɓatar da shafuka 116 na rubutun farko na Littafin Mormon a 1828, Smith da bakinsa ya ce an karɓe masa ikon na ɗan lokaci saboda ya saɓa wa umarni. A 1829 kuma aka shaida wa Oliver Cowdery, wani marubucin Smith, cikin abin da suka ɗauka wahayi ne, cewa babu ikon da zai sa sandarsa ta gano abin ɓoye ta yi aiki a hannunsa sai na Allah.

"Kashafi" ma ban gamsu da ita ba, domin kalmar sufaye ce mai nauyinta a Musulunci, kuma aro ta zai zama tamkar mun gaskata da'awar.

Abin da na tsaya a kai shi ne "dutsen gani", mai shi "maigani", ikon kuma "baiwar gani", domin Bahaushe ya san baiwa kyauta ce, wanda ya bayar kuma yana da ikon karɓewa. "Mai duba" sai mu bar ta a bakin masu ƙarar Smith na 1826, da kuma inda ake maganar Hiram Page, ɗaya daga cikin mabiyan farko, wanda a 1830 Smith ya ce Shaiɗan ne ke yaudararsa ta dutsensa.