Ɓera ko me? A nema mana sunan VAR da Hausa

Abu Safwan, Karantina, Jidda:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya muna kallon ƙwallo a istiraha, wato wurin shaƙatawa, da ƙanena da ya zo Umra daga Kano, aka tsayar da wasa, sai yarana suka ɗauki ihu: "Ɓera! A je wa ɓera!" Bawan Allah ya ɗage ƙafa yana leƙen ƙarƙashin kujera. Sai da na yi masa bayani cewa Larabawa "alfar" suke kiran VAR, far kuwa a bakinsu shi ne ɓera, yaranmu haifaffun nan suka juya shi Hausa yadda suka ji shi. Abin ya bi bakina ni ma. A rediyo kuma sai ka ji "na'urar da ke taimaka wa alƙalin wasa", kafin ka kai ƙarshenta an buga fenariti an dawo tsakiya. Masana, a taimaka da suna gajere.

Ɗan Gadarif:
Ku bar mana ɓeranmu. Ya shigo ba sallama, ya ɓata tuwon da aka gama tuƙawa, ya koma rami. Wane suna ya fi wannan?

Baban Ummi, Shara Mansur, Makka:
Kai dai ba ka da godiya. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 a Lusail, wasan Saudiyya da Ajantina a gasar duniya, wa ya cece mu? Gaskiya ne shi ya jawo fenaritin da Messi ya ci a minti na 10, amma ƙwallo uku aka soke wa Ajantina na satar gida kafin hutun rabin lokaci, kuma ta Lautaro ta farko har sun gama murna aka duba aka ce babu. Aka dawo Shehri ya farke, Salim Dausari ya ƙara, washegari Sarki ya ba da hutu. Ni ba zan zagi abin da ya ba ni hutun aiki ba.

Malam Na-Sabil:
Abu Safwan, tun daga "na'ura" aka ɓata hanya. VAR mutum ne. Alƙalin wasa ne cikakke mai lasisi, an zaunar da shi a ɗaki gaban allunan talabijin da mataimakansa, yana magana a kunnen na fili. Kuma ba kowace ɓaraka yake sa baki ba, a asali abu huɗu ne: ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba, fenariti, jan kati kai tsaye, sai in an ba wani kati a madadin wani. Ko a nan ɗin ma sai kuskuren ya fito fili ƙarara. Hukunci na mai usur ne.

Ku tuna wasanmu na Najeriya da Ajantina a Rasha, 2018, gasar duniya ta farko da aka shigo da abin. Ƙwallo ta sauko daga kan Rojo ta bugi hannunsa cikin da'ira. Aka kira alƙali Cakir na Turkiyya, ya je da ƙafarsa, ya kalla da idonsa, ya ce babu komai. Rojon nan shi ya ci mu a minti na 86 muka tattara kayanmu. Washegari kowa na cewa na'ura ta cuce mu. Wace na'ura? Allo ya nuna abin da ya faru tsaf. In muka sa wa abin sunan ƙarfe, mun ba masu hukunci wurin ɓuya ke nan.

Shawarata "muhuti". A kotunan alƙalai na gida, muhuti shi ne malamin da ke zaune gefen alƙali yana taya shi duba, ba ya yanke hukunci. Aikin ke nan babu ragi.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara sani Malam, ma'ana ta zauna daram. Sai dai a garin nan in ka ce mufti, kowa Babban Mufti zai tuna. Ka ga yaro ya miƙe a gahawa yana ihun muhuti ya ci amana? A rufa mana asiri.

Malam Na-Sabil:
Wannan kuma gaskiya ce, ban hango ta nan ba. Na janye.

Abu Safwan:
To "alƙalin ɗaukaka ƙara" fa?

Malam Na-Sabil:
Wa ya ɗaukaka? Kyaftin ba shi da ikon kai ƙara, ɗan wasan da ya matsa da zana allo da hannu ma katin gargaɗi zai sha.

Maman Walid, Madina:
Ku yi haƙuri iyayena in sa baki, ni ɗiyarku ce a wannan fage. Me zai hana a ce "waiwaye"? Abin da ake yi ke nan, an wuce sai a juyo a dubi baya. Na ɗakin shi ne "mai waiwaye", ɗakin kuma "ɗakin waiwaye". Ku gwada da wasan Najeriya da Afirka ta Kudu a Bouake, Fabrairun 2024: Osimhen ya ci ta biyu, muna ta guɗa, mai waiwaye ya kira alƙali, aka koma can baya inda Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau, aka kashe tamu aka ba su fenariti, Mokoena ya farke. Waiwaye ya cinye ƙwallon Osimhen. Ai ya faɗu a baki. Mun dai tsira 4 da 2 a bugun daga kai sai mai tsaron gida, amma ranar sai da na sha maganin hawan jini.

Ɗan Gadarif:
Hajiya kin kawo magana. Dama an ce waiwaye adon tafiya, ko da yake wannan adon minti biyar yake ci ana tsaye. Mu Sudan ma da za a waiwaya mana a ga abin da koci Kwesi Appiah ya yi. Ƙasa cikin yaƙi, babu filin gida, a Libiya muke karɓar baƙi, ya haɗa yaran Hilal da Marikh ya doke ƙasarsa Ghana 2 da nema a Oktoban 2024, muka wuce gasar Afirka suka zauna a gida. Rabonmu da kofin tun 1970 a Khartum, shi ma Ghana muka doke.

Baban Ummi:
Abin da nake faɗa wa mutanen nan kullum. Aka ɗauko wa Saudiyya koci Mancini a Agustan 2023 da kuɗi kamar ƙasa, ya juya baya ya shige ciki kafin Koriya ta Kudu ta buga fenaritin ƙarshe a gasar Asiya, Oktoban 2024 aka sallame shi aka dawo da Renard. Canjin koci ba zai haifar da ɗan gaba ba. Tunda Ronaldo ya zo Nasr manyan ƙungiyoyi suka cika gaba da baƙi, ɗan ƙasa yana benci yana tafi. Ga gasar Asiya 2027 a gidanmu, ga ta duniya 2034. Da wa za a buga?

Abu Safwan:
Alhaji a dawo kan kalma, wannan zaman daban ne. Malam, waiwaye ya karɓu?

Malam Na-Sabil:
Ya karɓu, da sharaɗi ɗaya: kar a ce "alƙalin waiwaye", don ba shi ke hukunci ba. Mai waiwaye ya kira, alƙali ya je waiwaye, alƙali ya yanke. Jam'i masu waiwaye. Allah ya yi miki albarka Maman Walid.

Abu Safwan:
Na gwada wa yara yanzu. Babban ya ce ya ji, zai riƙa faɗa in an ba mu. In an hana mu kuwa, ya ce ɓera ne.

Ɗan Gadarif:
Yaron nan a kawo shi Gadarif hutu, kawunsa na nan.