Neman shawara: in cika hekta ɗaya da lemun zaƙi, ko in haɗa da lemun tsami?

Mai garka, Ƙonni:
Assalamu alaikum manoma da 'yan kasuwa. Ina da hekta ɗaya a gefen fadama, ƙasar rairayi ce da ɗan laka, akwai rijiya da injin ban ruwa. Ana ta ce mini lemu ya yi tsada a duniya saboda cuta ta cinye gonakin Amurka da Birazil, wai yanzu ne lokacin dashe. Shin tsadar tana isowa nan jihar Tawa? In cika wurin da lemun zaƙi ko in haɗa? Kuma me ya fi kashe dashe a ƙasarmu?

Ɗan kasuwar kayan marmari, Yamai:
Wa alaikumus salam Alhaji. Labarin gaskiya ne, amma ba kasuwarka ba ce. Cutar da ake kira HLB ta ɓulla a Birazil a 2004, a Fulorida a 2005. Fulorida, jihar Amurka, da ta tsinki akwatin lemu sama da miliyan 240 a kakar 2003-2004, yanzu ko miliyan 20 ba ta kaiwa. To amma abin da ya yi tsada shi ne ruwan lemu na masana'anta. Farashinsa ya hau ƙololuwa a ƙarshen 2024, cikin 2025 kuma ya faɗo da fiye da rabi. Kai kuwa abin da ka dasa bana sai bayan shekara 3 ko 4 zai fara ba ka 'ya'yan kirki.

Lemun ci daban ne. Masar ce kan gaba wajen fitar da lemun zaƙi, Afirka ta Kudu tana cike gurbi daga Yuni zuwa Oktoba, Maroko na da mandarin. A tiren mai talla kuwa, abokan gogayyarka su ne lemun da ke shigowa daga Najeriya da Benin, sai na Gaya da na Timiya. Da sanyi duk suna sauka kusan lokaci guda, farashi ya kwanta. Ga kuma launi: ɓawon lemu ba ya yin ja sai dare ya yi sanyi sosai, shi ya sa namu kan nuna yana kore, mai saye ya ɗauka ɗanye ne. Lemun tsami ba ruwansa da wannan, kuma da bazara da azumi nemansa ake. In ni ne, rabi lemun tsami, sauran a raba tsakanin tanjalo da lemun zaƙi.

Malamin gona, Tawa:
Na yarda da rabon, amma Alhaji ka fara da lissafin ruwa. Tazarar mita 6 da 6 tana ba ka itace 277. Babban itace a Afrilu da Mayu yana shan lita wajen 150 a yini, ka ga sama da lita dubu 40 ke nan kullum. Ka gwada rijiyar a tsakiyar bazara, ba bayan damina ba. In ba ta iya ba, ka dasa rabin hekta.

Rami: santimita 80 faɗi da zurfi. Ƙasar sama ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki kilo 20, ka mayar, ka yi ta ba shi ruwa sati biyu kafin dashe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Abin da ya fi kashe lemu a nan shi ne ruɓar gindi, wadda za ka ga ƙaro yana tsattsafowa daga ɓawo. Mu ne ke jawo ta da hannunmu: a binne mahaɗar aure, wato inda aka haɗa idon irin da ake so da gindin wani lemu, cikin ƙasa, sannan a tara ruwa a jikin gindi. Mahaɗar ta tsaya santimita 20 zuwa 30 sama da ƙasa. Ka yi kunya biyu, ƙarama kewaye da gindi, babba daidai bakin inuwar itacen, ruwa ya zauna a tsakaninsu. In ƙaron ya fito, kankare wurin da wuƙa mai tsabta har ka kai lafiyayyen ɓawo, ka shafa maganin ruɓa mai sinadarin tagulla. Mai sa albasa a tsakanin layuka ya bar mita ɗaya da rabi daga gindi, don fangalin albasa kullum a jiƙe yake.

Sannan ƙasar Adar tana da farar ƙasa, ba a banza masana'antar siminti take Malbaza ba. A irinta sabon ganye kan yi rawaya, jijiyoyinsa na nan kore. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ƙara takin uriya ba ya maganinsa. Cikin ire-iren lemun da ake yin aure a kan gindinsu, Volkameriana da Kiliyofatira suna jure farar ƙasa, Carrizo ba ya jurewa.

Mai renon dashe, Gaya:
Ƙari kan maganar Malam. Kada ka sayi dashen da mai shi bai san gindin da ya yi auren a kai ba. Ka fasa leda ɗaya ka duba: in saiwar ta nannaɗe a ƙasan leda, bar shi. Kowane toho da ya fito ƙasa da mahaɗa ka cire shi tun yana ɗanye, in ba haka ba gindin zai rinjayi auren.

HLB kuma ba ta da magani, kuma ƙwaron da ke yaɗa ta an tabbatar da shi a Najeriya tun 2020, don haka a yi hattara da dashen da ba a san asalinsa ba. Alamarta: rawayar ganye dabbare-dabbare, ɓangaren dama bai yi daidai da na hagu ba, 'ya'yan ƙanana, karkatattu, masu ɗaci. In ka ga haka, kai samfur wurin jami'an gona ko INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, kafin ka yanki ido daga itacen don yin aure.

Mai garka, Ƙonni:
Allah ya saka da alheri. Malam, yaya ake sa lemun tsami ya nuna da bazara?

Malamin gona, Tawa:
Daga fure zuwa tsinka wata 5 zuwa 6 ne, sai ka ƙirga baya. In kana son kaya a Afrilu, fure ya fito a Nuwamba. Da damina ta ɗauke, ka hana shi ruwa sati 4 zuwa 6 har ganye ya fara lanƙwashewa da safe, sannan ka zuba takin zamani NPK 15-15-15 kilo ɗaya a bakin inuwa, ka shayar da shi sosai. Azumi kuma yana ja baya da kwana 11 kowace shekara, a sa shi cikin lissafi.

Mai renon dashe, Gaya:
Malam, a rairayi irin na Alhaji sati 6 ya yi yawa, ganye zai zube. Sati 3 ya fara dubawa. Kada kuma a yi wa itacen da bai kai shekara 4 ba. Furen Nuwamba zai haɗu da hunturu, don haka a dasa shingen bedi ta gabas da arewa tun yanzu, mita 8 daga layin farko, saboda saiwarsa na ƙwace ruwa.