Tambaya ga masu bin hanyar Damaturu zuwa Maiduguri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana neman shawarar direbobi da 'yan kasuwa masu bin hanyar nan, saboda wata ɗaliba da ta samu gurbi a Jami'ar Maiduguri, amma mahaifiyarta ta ce ko kusa.

Daga Kano zuwa Wudil, Azare da Potiskum ba a nan gizo ke saƙar ba. Fargabar tana kan kilomita kusan 130 daga Damaturu, ta Benisheikh, Mainok, Jakana da Auno. Abin da ya tsaya wa Hajiya a rai shi ne harin Auno na Fabrairun 2020, inda aka kashe matafiya akalla 30 da suka kwana a bakin hanya bayan an rufe hanyar shiga Maiduguri. Wato makara ce ta jawo, kuma har yau makarar ce matsalar: motar haya ba ta tashi sai ta cika, ga shingayen jami'an tsaro, kowanne da cin lokacinsa.

To, ƙarfe nawa ake rufe hanyar yanzu? Wanda ya bar Kano bayan sallar asuba zai shiga Maiduguri da rana, ko gara ya kwana Damaturu ya bi ayarin safe? Ban da katin NIN da takardar shiga jami'a, me ake tambaya a shinge?

Jirgi daga Abuja mafita ne, sai dai kuɗinsa kowane zangon karatu ba wasa ba.

Kuma iyayen da 'ya'yansu ke karatu can, da me kuka kwantar da hankalinku? "Ai an samu sauƙi" kaɗai bai gamsar da ita ba.