Za mu hau jirgin ruwan shaƙatawa karon farko, mu shida har da surukata: ta ina zan fara?

Maman Uku, Manchester

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa hawa manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, ina neman shawararku kafin maigida ya zuba kuɗin da ba za su dawo ba.

Shekararmu huɗu a Manchester, aikin jinya nake yi. Tun zuwanmu sau ɗaya muka fita daga Ingila, shi ma gida Kano muka je, kuma kun san wannan ba hutu ba ne: gaisuwar mutuwa, barkar haihuwa, rabon tsaraba, har ranar komawa ban zauna ba. To wata abokiyar aikina ce ta nuna min hotunan tafiyarsu Norway a jirgin ruwa, irin mashigin tekun nan da ke ratsa tsakanin duwatsu, ruwa na zubowa daga can sama. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Mun samu wanda ke tashi daga Southampton, kwana bakwai, zai tsaya Stavanger da Flåm da Bergen, a hutun tsakiyar zango na ƙarshen watan Mayu. Gaskiya ba duwatsun ne kaɗai suka ja ni ba. Mako guda ba girki, ba wanke-wanke, ba auna akwati kada ya wuce kilo 23. Mota za mu loda, awa huɗu da 'yan kai muna bakin ruwa.

Mu shida ne: ni da Abban yara, babbar tana da shekara 10, na tsakiya 6, sai auta mai shekara ɗaya da rabi wanda a nan aka haife shi. Ta shidan Hajiya ce, mahaifiyar maigida, za ta zo mana ziyara a lokacin. Dukkanmu koren fasfo gare mu, in ban da auta da ko fasfon ba mu yi masa ba tukuna. Hajiya kuwa ruwan da ya fi dam ɗin Tiga girma ba ta taɓa gani da idonta ba, kuma ko mota ta shiga zuwa Zariya sai ta yi amai.

Maigida ya ce tunda daga Ingila jirgin zai tashi kuma Ingila zai dawo, ba ma buƙatar biza, wanda ba ya so ya sauka ya yi zamansa a ciki. Ni hankalina bai kwanta da wannan ba. Sai batun abinci, da salla a kan abin da ke tafiya, da kuma kuɗin da aka rubuta a talla, wanda ya yi min arha har ya ba ni tsoro.

Ɗan Fagge, Bradford

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki ce wa Malam ya riƙe katin bankinsa tukuna. Maganarsa ta biza ba haka take ba, kuma ita ce ke sa a bar mutane tsaye a tasha da akwatunansu.

Norway ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da mai fasfon Najeriya Shengen. Ko kin rantse ba za ki taka ƙasa ba, kamfanin jirgin zai duba bizar kowa a Southampton kafin ya ba da katin shiga. Wanda ba shi da ita ba ya hawa, kuɗinsa kuma ya tafi, domin a ƙa'idojinsu nauyin takardu a wuyan fasinja yake. Kuɗin bizar yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, na ƙasa da 6 ba a biya masa, ban da abin da ofishin karɓar takardu ke caza. Ana iya nema tun saura wata shida a yi tafiya, kuma ki yi da wuri, domin in bazara ta matso samun ranar ganawa kan zama aiki. Suna neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ki nemi bizar shiga fiye da sau ɗaya, ita ce kamfanonin jirgi suka fi so su gani.

Mutum biyu ne a gidanku lamarinsu ya fi ɗaure kai. Ta farko Hajiya. Ana neman bizar Shengen ne a ƙasar da mutum yake zaune, ita kuma baƙuwa ce a Ingila, don haka tun tana Najeriya za ta nema, kafin ta taso. Kada ku ce sai ta iso a kai ta London.

Na biyu auta. Haihuwa a Ingila ba ta mayar da yaro ɗan Birtaniya ba in dai iyayensa ba su da izinin zama na dindindin lokacin da aka haife shi. Yana zaune lafiya babu mai tambayarsa, amma ranar da ya fita, ba zai dawo ba sai da izininsa na kansa a matsayin ɗanku. Ke nan abu uku ke gabansa a jere: fasfon Najeriya, izinin zaman Birtaniya, sannan Shengen, kuma kowanne sai wanda ya gabace shi ya fito. Ki ƙirga watanni da kanki. Ku ma manya ku tabbatar fasfon da za ku riƙe shi ne ke haɗe da izininku na intanet, tunda an daina aiki da katin izinin zaman nan na roba.

Wani zai ce muku ku hau mai zagaya tsibiran Birtaniya kawai ku huta. Ku karanta jerin tashoshin da kyau: da yawansu suna leƙa Cork ko Dublin, Ireland kuwa bizarta daban, ko su tsaya wata tasha a Faransa.

Anti Mai Turare, Leicester

Maman Uku sannu da ƙoƙari. Ɗan Fagge ya gama da takardu, ni bari in gaya miki abin da na gani da idona, sau biyu na hau.

Arhar da ta ba ki tsoro, da gaskiyarki. Wannan farashin na ɗakin ciki ne marar taga, kuma na mutum ɗaya ne in su biyu za su kwana. Yawancin ɗakuna mutum huɗu suke ɗauka, jariri ma kai ne a lissafi, don haka ku ɗaki biyu ne ba makawa. Ki roƙi masu ƙofa a tsakani, suna ƙarewa da wuri. Sai ki tambaya a rubuce ko tukuicin ma'aikata yana cikin kuɗin, domin wasu kamfanonin sun haɗa, wasu kuma kullum suke ɗora shi a kan kowane fasinja sai daren ƙarshe ki ga takarda. Lemon kwalba, intanet, hoto, ajiye mota a tasha mako guda, yawon da suke shiryawa in an sauka, duk daban ne. Inshora kuma ki sayi wadda ta ambaci jirgin ruwa ƙarara. Asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, NHS, hukumar lafiyar Birtaniya, ba ta bin ki teku, ga dattijuwa a tafiyar.

Yanzu abin kunyata. Tafiyata ta farko na shirya akwati kamar mai zuwa biki: kaskon turare na lantarki, gawayi, dutsen guga, da soket mai baki huɗu. Kayan kowa suka iso ƙofar ɗaki, nawa shiru har bayan magariba. Ashe na'ura ta gano su, aka kira ni can ƙasa, na buɗe akwati a gaban mutane, suka karɓe suka ba ni rasit sai ranar sauka. Kusan duk abin da ke yin zafi ko wuta haramun ne a jirgi, domin gobara suka fi tsoro fiye da ruwan kansa. Ki turara kayanku tun a gida ki ƙulle a leda, ki tafi da humra, ta isa. Abin da ba za ki manta ba kuwa shi ne buta. Banɗakinsu irin na jirgin sama ne mai zuƙa, ba tiyo, kuma ko tsumman goge jariri aka jefa sai ya toshe layin maƙwabta.

Ki ware ƙaramar jaka ta hannu: fasfo, maganin Hajiya, kunzugun auta, kayan canji. Manyan akwatuna kan yi awanni kafin su zo.

Batun amai, ki zaɓa wa Hajiya ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne ba ya rawa sosai. Gaba da can sama su ne lilo. Cikin mashigin duwatsun ruwan kwance yake kamar a faranti, ba za ta ma san ana tafiya ba. Wahalar tana Tekun Arewa, yinin tafiya da yinin dawowa. Citta tana taimakawa, da zama inda za ta riƙa hango nesa, amma ki sa likita ya duba wane maganin jiri ne ba zai yi faɗa da na hawan jininta ba, in tana sha. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sani.

Abinci ba za ku ji yunwa ba: kifi iri-iri, ƙwai, shinkafa, taliya, ganye, 'ya'yan itace. Naman halal wasu kamfanonin suna tanada in an sanar da su makonni kafin tafiya, ba ranar shiga ba. Ki riƙa tambaya a kan miya da kayan zaƙi, suna sa giya ko kitsen alade inda ba ki zata ba. Ni da ɗan kwalbar yajina nake zuwa tebur, har mai kawo mana abinci ya saba. Kilishi da dambun nama dai ki bar su a gida, dokar shiga da nama Turai da tsauri take.

Abu biyu kan yara. Auta ba zai shiga kududdufin wanka ba muddin yana saka kunzugu, ki shirya wa kukan. Sannan kafin jirgi ya tashi dole kowa ya je ya ga inda zai taru in wani abu ya faru, a nuna masa rigar ceto. Tun bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara wannan. Amma don Allah kada ki ba Hajiya wannan labarin.

In kun sauka, ki riƙe lokacin da aka ce kowa ya dawo, jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa. Norway tana gaban Ingila da awa ɗaya, agogon jirgi za ki bi. A Flåm akwai jirgin ƙasa mai hawa dutse, kilomita 20 zuwa Myrdal, Hajiya tana zaune za ta ga komai, ki sayi tikiti tun kafin ku taso. Bergen kuwa ki ɗauki rigar ruwa ko da kin ga rana.

Bakatsine

Ikon Allah. Kuɗin ɗaki biyu da biza shida, ai da Umara kuka kai tsohuwa da ta fi sa muku albarka.

Malam na Jidda

Bakatsine, kowanne da wurinsa, kallon halittar Allah ma ba wasa ba ne.

Maman Uku, salla a jirgin ruwa tsohuwar mas'ala ce, malamai sun gama da ita tuntuni. A tsaye ake yi in dai mutum zai iya, in jiri ko igiyar ruwa sun hana a zauna. A fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya kuma an gane, a juya. Daga Norway alƙibla kudu maso gabas take. Kamfas ɗin waya kan rikice saboda ƙarfen jirgi, amma talabijin ɗin ɗaki yana nuna taswira da inda jirgin ya dosa, da shi za ki gane. Ku matafiya ne, kuna da ƙasaru, tunda babu inda za ku yi niyyar zaman kwana huɗu. Abin da zai fi ba ku mamaki shi ne rana: a ƙarshen Mayu a Bergen sai an wuce ƙarfe 10 na dare take faɗuwa, kuma shafaƙi ba ya gushewa har gari ya waye. Ku tambayi limaminku na Manchester yadda za ku yi da isha da asuba, su ma suna fama da irin haka a bazara.

Amma kin duba kalanda kuwa? A 2026 Babbar Salla wajen 27 ga Mayu za ta kama, tsakiyar makon da kika zaɓa ke nan. Ban ga dattijuwar da za ta yarda ranar layya ta same ta a tsakiyar teku ba.

In wata shekara kun biyo ta nan, Saudiyya ma ta fara nata jirgin, AROYA, tun Disambar 2024, yana tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya. Ba giya, abinci halal, akwai wurin salla. Sai a haɗa da Umarar Bakatsine, kowa ya samu nasa.

Maman Uku, Manchester

Innalillahi, Malam wallahi ko kaɗan Salla ba ta zo min a rai ba, hutun makaranta kawai nake kallo. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Jiya da daddare na karanta wa Abban yara amsar Ɗan Fagge. Ya yi shiru, can ya ce ai dama shi ma yana da niyyar ya bincika. Na ce haka ne. Mayu dai ta fita. Ya kawo shawarar mu tafi a Yuni lokacin da farashi ya sauka, na tuna masa tarar cire yaro daga makaranta, fam 80 kan kowane yaro, uwa daban uba daban, mu ke nan fam 320, ga wasiƙar da ba na son gani. Mun tsayar da Agusta, kuma ba za mu biya ko sisi ba sai fasfon auta ya zo hannu. Na cike takardar neman sa yau da na dawo daga aikin dare.

Na kira Hajiya na fara shafa mata maganar a hankali. Ta ce jirgin yana da girman gidan Sarki? Na ce hawansa ya fi goma, har da na'urar hawa bene. Ta ce to a ina ake tsayawa a kwana? Na ce ba a tsayawa, ana tafe ana barci. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in direban ya yi gyangyaɗi fa? Har yanzu ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, amma ƙanwar maigida ta gaya min ta sa an fito mata da fasfonta daga ƙasan adaka.

Anti Mai Turare, saura tambaya ɗaya. Hajiya ba ta karyawa sai da kunun tsamiya ko koko. In na tafi da garin a gwangwani, za su ba ni tafasasshen ruwa in dama mata da safe, ko shi ma za a kira ni can ƙasa?